Bencin Baya

A cocinmu da ke Kafanchan akwai wani benci a can baya, jikin taga, inda tsofaffin zumuntar mata suke zama. Ba wanda ya kafa doka a kansa. Mace dai idan gwiwa ta fara ƙi, ko ido ya fara hazo, ko ta ga ba za ta iya tsayuwar waƙa uku a jere ba, sai wata Lahadi a gan ta can ta jingina sandarta da bango. Daga ranar kuma ba ta sake dawowa gaba. Na daɗe ina wuce bencin nan ba na ko son kallonsa. Daga nesa nake ɗaga musu hannu, kamar mai gudun kamuwa da mura.

Ni ce mai ba da waƙa a zumuntarmu. Ni nake tsayawa a gaba da makirfo a hannu, in ɗaga layi, mata su amsa, masu kaɗa tulu da masu caki su biyo baya. Fiye da shekara talatin ina wannan aiki. Na koyar a firamare har na yi ritaya, mijina ya yi aikin jirgin ƙasa har Allah ya karɓi abinsa, yara sun watse Abuja da Jos, duk waɗannan sun zo sun wuce, amma makirfon yana hannuna. In an yi biki ni ce, in an yi jana'iza ni ce. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wace ce ni in babu shi ba, don ban ga ranar da za a ce babu shi ba.

Wadda ta hana ni sakat a shekarun nan ita ce ƙawata, Maman 'Yan Biyu. Ƙauyenmu ɗaya, kusa da Fadan Kaje, kuma damina ɗaya kawai ta ba ni. Tun muna 'yan mata, in muna dakan acca a bayan gida muna waƙa, iyayenmu ba sa iya bambance muryata da tata. Sai a kira sunana ita ta amsa. Ni na wuce makarantar horon malamai, ita ta auri manomin citta, daga baya rayuwa ta sake haɗa mu a Kafanchan, ni da alli, ita da buhunan citta a kasuwa. Da muka shiga zumunta aka ba ni waƙa, ita kuma ta ɗauki babban tulu, wanda ake bugun bakinsa da soso ya yi wannan gurnanin da ake ji har cikin ƙirji. Na ɗauka rabon ya yi daidai. Ni na yi karatu, ina iya karanta littafin waƙoƙi, ina furta Hausa yadda ya kamata. Ita kuwa Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “ka” ne a bakinta.

Wata Talata muna firaktis, ana tsakiyar waƙa, sai tulun ya yi shiru. Na juya da fushi. Na gan ta tana murza wuyan hannunta tana dariya. Ta yafito matar wani tela, wadda ta daɗe tana koyon kiɗa a ƙaramin tulu, ta miƙa mata soson.

“Zo ka karɓa,” in ji ta. “Hannun nan ya gama nashi. Tun bara yana gaya mini, ni ne na yi kunnen ƙashi.”

Shi ke nan fa. Ba kuka, ba dogon jawabi. Tulun da ta ɗauko a kanta tun daga ƙauye, ta yi shekaru tana goge shi kamar jariri, ta tura shi gaban wata da ƙafa ta tashi. Matan ne suka hau kuka, ita tana bin su tana lallashi. Bayan sati biyu aka yi mata liyafa, aka ba ta turmin zane da babbar kula, ta yi rawa da sandarta har Pasto ya tashi ya taya ta. Lahadin da ta biyo baya ta je bencin baya ta ce wa tsofaffin su matsa, sabuwar amarya ta iso.

A ranar na tausaya mata. Ban san kaina ya kamata in tausaya wa ba.

Don daga nan ne na fara ganin abin da ya tsaya mini a wuya. Tsufa ya karɓi matar nan kamar zanen da aka ɗinka don ita. Furfurarta fara ce fat, kuma da gangan take tura ɗankwali baya don a gani. Ni kuwa duk sati biyu, ranar Asabar da safe, nakan rufe ƙofa in zauna gaban madubi da tsohon buroshin haƙori ina shafa baƙi a gaban goshina, ina kasa kunne kada wani ya yi sallama. Haƙoranta biyu na gaba sun faɗi, ba ta fasa wage baki tana dariya ba. Ni guda ɗaya aka cire mini, can ciki ma, na yi wata uku ina magana da hannu a baki. Sandarta kuwa ta zama abin wasa. Da ita take nuna tumatir a kasuwa, da ita take kaɗo mangwaro, da ita take zungurar samarin da ke barci lokacin wa'azi. Likita ya ce ni ma in nemi sanda saboda ƙuguna. Na saya, na ɓoye ta bayan firij.

Ba kyan furfurar ne ya fi ci mini rai ba, mutane ne. In an tashi sujada, ƙananan matan aure sai su yi layi a bencin baya, wannan mijinta ya daina cin abincinta, waccan surukarta ta tare mata a gida. Ita da ba ta gama aji huɗu ba take raba musu shawara, su tashi suna share hawaye suna dariya. Ni da na yi kwas a kan tarbiyya, ina da takarda a jikin bango, sai su ɗan rusuna su ce, “Ina kwana, Ma,” su wuce. 'Yan acaba suna rige-rigen ɗaukarta. Alhajin da ya daɗe yana sayen cittarta har yau yana aiko mata da naman Sallah, ko da yake ta rage zuwa kasuwa. Abin da ya fi ƙona ni, jikata ta zo mini hutu daga Abuja, na sayi biskit, na kunna mata talabijin, amma kullum gari ya waye sai ta ce za ta je gidan Kaka mai sanda. Ta dawo da yamma hannu duk ƙasa, tana warin citta, tana ba ni labarin yadda aka koya mata faten acca, har ta kawo mini kaɗan a kwano. Na ce mata faten ya yi gishiri, alhali ban ko ɗanɗana ba.

Kishi ne, ba wani suna da zan sa masa. Ban taɓa yin kishin kuɗin kowa ba, ban yi kishin mijin kowa ba, sai da na tsufa na zo ina kishin yadda wata take tsufa. Nakan durƙusa in roƙi Ubangiji ya cire mini, in tashi in tafi coci, in hango farin kan nan a jikin taga, abin ya dawo sabo.

Abu ɗaya ne yake sanyaya mini zuciya. Duk da bencin bayan da ta koma, in aka kira zumuntar mata su fito su yi waƙa, sai ta taso da sandarta, ta ratsa layi, ta zo ta tsaya daf da kafaɗata ta hagu tana tafi. Kowace Lahadi haka. Na ce a raina, ashe ke ma ba ki saki ba, duk wannan dariyar ta ganin ido ce, gaban kike so kamar kowa. Har daɗi nake ji. Wani lokaci nakan ji tana shigo mini cikin layina, wurin da ya kamata mai ba da waƙa ta tafi ita kaɗai. Ran nan na tare ta a bakin ƙofa.

“Maman 'Yan Biyu, amshi ne naku. Ki daina shiga mini waƙa.”

“Sori, Malama,” ta ce. “Baki ne ya saba. Ka yi haƙuri da tsohuwa.”

Lahadi ta zagayo, ta sake tsayawa a wurin, ta sake shiga.

Muryata kuwa ina kula da ita kamar ƙwai. Zuma da citta kowace safiya, namijin goro a jaka, ruwan sanyi ko a bikin wa ba na sha. In ina waƙa ni kaɗai a kicin nakan ji ta ɗan yi kaushi in ta hau sama, amma sai in ce ai safiya ce, ko hayaƙi ne. A coci, in na ji abin da ke fitowa daga lasifika, tas yake fita. Saboda haka da matar Pasto, wadda ita ce shugabar zumunta, ta same ni a hankali ta ce ko zan riƙa ba wata nas waƙa ɗaya cikin uku, sai na ji kamar ta mare ni. Nas ɗin uwar 'ya'ya uku ce, an yi mata canjin wurin aiki zuwa garinmu, kuma Allah ya ba ta murya, ba zan yi ƙarya ba. Na ce wa matar Pasto yarinyar ba ta iya ajiye numfashi ba tukuna. Na sa aka ba ta caki.

Bayan damina aka yi babban taron zumuntar mata a Godogodo, inda kowace ikilisiya take kawo waƙarta. Mun yi wata biyu muna shiri. Saura kwana huɗu, jikar Maman 'Yan Biyu ta haihu a Gwantu, ta ɗaure kayanta ta tafi wankan jego. Na ga matar Pasto ta shiga damuwa, tana ta kiran waya tana tambaya ko Mama za ta iya zuwa ko na yini ɗaya. Na yi mamaki. Mai tafi ɗaya ce ta rage, mene ne abin tashin hankali? Ni a raina har murna na yi, na ce yau dai zan yi waƙata ba mai numfashi a wuyana.

An kafa rumfuna a fili, mata ko'ina cikin zane iri ɗaya, rana tana dukan ƙeya. Bayan cin abincin rana aka kira cocinmu. Na karɓi makirfo, tulu ya fara gurnani, na ɗaga layin farko, mata suka amsa. Na biyu ma lafiya. A layi na uku ne waƙar take hawa sama, amshi ya tsaya, mai ba da waƙa ta tafi ita kaɗai. Na ja numfashi na hau.

Abin da ya fito daga lasifikar nan ban san shi ba. Ƙara ce irin ta ƙofar langa-langa da ta yi tsatsa. Na yi gyaran murya, na jira tulu ya zagayo, na sake hawa. Wannan karon ma ko ƙarar ba ta fito ba, iska ce kawai. Matar tela ta ci gaba da bugun tulu, ta zagayo sau ɗaya, sau biyu, filin ya yi tsit. Sai na ji murya daga bayana ta ɗauki layin, ba makirfo, ta kai shi har inda ya kamata. Nas ɗin ce, cakinta a hannu. Mata suka amsa da ƙarfi, taron ya ɗauki tafi. Ni kuma na tsaya a gaba da makirfo a baki ina motsa leɓe har aka gama. Da muke komawa wurin zama na ji wata daga wata ikilisiya tana cewa, “Eyya, Mama ta gaji.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

A mota na ɗora laifin a kan janareta, na ɗora a kan zoɓon da aka ba mu, na ce da ƙanƙara a ciki. Ba wadda ta musa. Mun wuce gonakin citta ana ta haƙa. Can sai matar tela, wadda ba ta iya riƙe magana ba, ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Kai, da Maman 'Yan Biyu tana nan da ba a yi haka ba.” Na ga hannun matar Pasto ya kai cinyarta ya mintsine ta. Sauran matan kowa ta juya tana kallon taga. Har muka iso gida maganar ta zauna mini.

Kwana goma na yi ban je firaktis ba, na ce mura nake yi. Da na ji ta dawo daga Gwantu, da hantsi na tafi gidanta. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, da wuƙa, tana tsaga citta biyu tana bazawa a rana. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, ko jaririyar ban tambaya ba.

“Me kike yi a bayana duk Lahadi?”

Ta ɗago ta dube ni, ta tura mini kujera da sandarta. “Malama, ka zauna mana. Ƙugun nan naka ba ya son tsayuwa.”

“Tambayarki na yi.”

Ta tsaga wata cittar kafin ta amsa. “Waƙa nake yi. In ka zo wurin hawa, sai ni in hau. Makirfon yana kama mu biyu. Ai ka san tun a gida ba a raba muryanmu.”

“Tun yaushe?”

“Tun godiyar kaka na shekaran da na ajiye tulu. Ranan na ji ka hau, ka dawo a hanya. Na ce to, hannu ya ƙi, amma murya yana nan yana zaman banza. Bari in ba ƙawana aro.”

Shekara huɗu ke nan. Na zauna a kujerar da na ƙi.

“Su wa suka sani?”

“Zumunta.”

“Duka?”

“Har Pasto. Shi ne ma ya ce wa mai injin ya riƙa ƙara wa makirfon ƙarfi.”

Na yi mata faɗa ranar, faɗa sosai. Na ce ta mai da ni abin dariya, na ce ta bar ni ina rawa a gaban jama'a da zanen aro. Na ce da ƙawar kirki ce da ta gaya mini gaskiya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Da na gaya maka, za ka ji? Matan Pasto ya gwada, ka ba yarinya caki.” Ta yi dariya da wawulonta. “Alli ne ya cinye muryan, Malama. Shekara nawa kana ihu a aji don yaran mutane su iya karatu. Ba abin kunya ba ne. Ni dai na ce in riƙe ka har ranan da za ka sauka da ƙafanka.”

Ya kamata in ce a nan na rungume ta muka yi kuka. Ba haka aka yi ba. Abin da ya zo mini shi ne, wato ko muryar ma tata ta fi tawa daɗewa. Tana da ita duk shekarun nan, ta zauna a bayan tulu ba ta taɓa neman makirfo ba, ta tsufa da ita lafiya lau, har ta samu ragowar da za ta ba ni sadaka. Na zo da fushi, na koma gida da kishin da ya fi wanda na zo da shi. Ta bi ni har ƙofa ta cusa mini citta a jaka, wai don shayi.

Talatar da ta biyo na miƙa wa nas ɗin makirfo. Ban iya yi da dariya ba. Na shirya jawabi a takarda, na karanta rabi, na naɗe takardar na zauna. Ni ma an yi mini liyafa, an ba ni zane da kula, kuma Allah ya gafarta mini, sai da na auna kular da ido na ga tata ta fi girma. Na fito da sandata daga bayan firij. Na daina shafa baƙi, furfurar ta fito wani ja-ja, rabi fari rabi toka, ba ta ko kama ƙafar tata ba. Ranar da na fara zuwa bencin baya ita ta matsa mini, ta ce wa sauran, “Ku tashi tsaye, hedimasta ya zo.” Suka yi dariya, ni ban yi ba. Na yi wata da watanni ina zaune a wurin ina ƙirga kurakuran nas ɗin, kuma ba su da yawa.

Bara kunnen Maman 'Yan Biyu ya fara tafiya. Na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama saura kaɗan. Wannan ma da wasa ta ɗauke shi, wai yanzu ta huta da gulmar unguwa. Amma ni da nake gefenta na ga abin da sauran ba su gani ba. In zumunta ta fita gaba, tulu takan ji shi a ƙirji, sai dai ba ta san wace waƙa aka ɗauko ba. Takan zuba wa bakin nas ɗin ido tana neman layin, hannuwanta a buɗe tana jiran inda za ta sa tafi. Wata Lahadi na ga ta sauke hannuwan a cinya ta sunkuyar da kai. Tunda nake da ita ban taɓa ganin ta bar waƙa ta wuce ta ba.

Na tashi na zagaya, na ce wa tsohuwar da ke damanta ta matsa. Na zauna, na kai bakina kunnenta, na fara rera mata layin. Ta ɗago. Kafin a kai amshi ta kama, ta shiga da muryar nan tata da har yanzu ba ta yi tsatsa ba. Da aka zo wurin hawa na hau da abin da ya rage mini, ya fashe a hanya kamar yadda ya saba, ita ta ƙarasa.

Wurin zamana ke nan yanzu, damanta, kowace Lahadi. Har yau in matan aure sun yi layi wurinta suke zuwa, ni aikina in maimaita mata abin da suka ce da ƙarfi, kuma har yau abin yana ɗan sosa mini rai. Rannan bayan an gama waƙa ta juyo, da yake ba ta san ƙarfin muryarta ba yanzu, ta faɗa yadda rabin coci ya ji.

“Malama, gaskiya muryan nan naka ya lalace.”

Bencin ya kwashe da dariya. Na buɗe baki zan rama, sai ta kama hannuna ta riƙe gam.

“Kada ka fasa zuwa fa,” ta ce. “Shi kaɗai nake ji.”